Awa goma a tsibirin Malta: yadda za a zagaya gari a dawo kafin jirgi ya tashi

Tambaya: Ni da uwargida da mahaifiyata da yaranmu biyu za mu yi tafiyar mako guda a jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum cikin watan Agusta. Jirgin zai tsaya a Valletta, babban birnin Malta, daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Kamfanin jirgin yana sayar da tikitin zagaya gari, amma da tsada. Shin mu saya, ko mu fita da kanmu? Za mu iya ganin Valletta da Mdina da tsibirin Gozo a yini ɗaya? Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa.

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Kafin mu zo kan wuraren da za ku gani, sai mun fara gyara lissafin lokaci, domin awa goman da aka rubuta a jadawali ba duka ne naku ba. Idan jirgi ya iso ƙarfe 8, sai an ɗaure shi a kwata, hukumomin tashar sun ba da izini, sannan a buɗe ƙofa, kuma a jirgin da ke ɗauke da dubban mutane fitar kanta tana cin lokaci. A ɗaya gefen kuma, ƙarfe 6 lokacin tashin jirgi ne, amma lokacin da ake buƙatar kowa ya shigo yakan kasance rabin awa kafin haka, wato 5:30. Mai tafiya da dattijuwa da yara ya kamata ya ƙara rage awa guda daga nan, ya ƙudurta cewa zuwa 4:30 yana bakin kwata. Abin da ya rage a hannunku bai wuce awa bakwai da rabi ba, kuma duk shirin yinin daga ƙarshensa ake fara ƙirga shi a komo baya.

Ina nanata wannan ne saboda jirgin ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. Dalilinsa kuwa a fili yake: an ware masa lokaci a kwata, akwai matuƙin tashar da zai fitar da shi daga mashigin ruwa, kuma yana da tafiyar dare da zai yi don ya isa tasha ta gaba da safe. Wanda aka bari, shi zai biya kuɗin jirgin sama da masauki har ya cim ma jirgin a wata ƙasa. Saboda haka, a takardar shirin yini da ake kawowa ɗaki da daddare, ko a manhajar jirgin, ka nemi abu biyu ka ɗauki hotonsu a waya: lokacin komawa, da lambar wakilin jirgin a tashar Valletta, wanda shi ne mutum na farko da za a kira idan wani abu ya faru. Ka kuma tabbatar da agogon da jirgi ke bi. Malta lokacinta ɗaya da Italiya da Faransa da Sifaniya, amma Girka tana gaba da awa guda, kuma a watan Agusta Malta tana gaban Najeriya da Nijar da awa guda. Waya takan sauya lokaci da kanta, wani sa'in daidai, wani sa'in a kuskure, don haka agogon hannu da aka saita da na jirgi ya fi aminci.

Game da tikitin kamfani, abin da mutum yake saye da wannan ƙarin kuɗi shi ne tabbacin cewa idan motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Akwai tsibiran da wannan tabbaci ya cancanci kuɗinsa. A Santorini na ƙasar Girka, misali, manyan jirage ba sa zuwa gaɓa, sai dai a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage, sannan a yi layin motar igiya ko a hau matakala kusan 600 zuwa garin Fira, kuma layin dawowa da yamma yana iya cinye fiye da awa. Malta ba haka take ba. Jirgi yana tsayawa ne a gindin ganuwar birni, a taka a fita da ƙafa. Babban tsibirin tsawonsa kimanin kilomita 27 ne, faɗinsa kimanin 14, Turanci yana cikin harsunan hukuma biyu na ƙasar, kuma kuɗinsu yuro ne tun 2008. A ganina, ku biyar ba ku buƙatar wannan tikiti, kuma rangadin kamfani yakan tafi da saurin jagora da na sauran mutum arba'in, wanda ba lallai ne gwiwar Hajiya ta ɗauka ba.

Abu ɗaya da ba ya jiran ranar isowa shi ne biza. Malta tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2007, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar yankin tun kafin ya hau jirgin. Ka duba jadawalin tafiyar da kyau: idan akwai tasha a wajen yankin, kamar Tunisiya ko Turkiyya, to bizar da ke ba da damar shiga sau da yawa ake nema, domin fita daga yankin da komawa cikinsa shiga ta biyu ce.

Gozo kuwa, shawarata ku bar shi a wannan karon, duk da cewa wuri ne mai kyau, kuma a can ne ake da gine-ginen bauta na Ġgantija da suka girmi dalar Masar. Akwai jirgin fito mai sauri da ke tashi daga kusa da inda jirginku zai tsaya, yana kaiwa tashar Mġarr cikin kimanin minti 45, amma daga Mġarr sai an sake hawa mota zuwa Victoria, babban garin Gozo, da sauran wurare, kuma idan teku ta yi ƙarfi ana iya soke tafiyar. Ɗaya hanyar ita ce a yi tafiyar fiye da awa a bas zuwa Ċirkewwa a ƙarshen arewacin tsibirin, a hau babban jirgin fito na minti 25. Ko ta ina aka bi, zuwa da dawowa za su ci kusan rabin lokacinku, kuma za ku sa teku tsakaninku da jirginku, wanda shi ne abin da nake hana duk wanda ya nemi shawarata. Idan hoton wata babbar ƙofar dutse a bakin teku ne ya ja hankalinku zuwa Gozo, ku sani cewa ta rushe cikin guguwa a watan Maris na 2017. Haka nan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Ħal Saflieni da ke Paola, mutum goma kacal ake shigarwa a kowane zagaye, ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara shida, kuma tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar, don haka ba wurin da ake zuwa kwatsam ba ne.

Abin da zai yiwu cikin natsuwa shi ne Mdina da Valletta, kuma a wannan jerin: wuri mai nisa da safe, na kusa da jirgi da yamma. Yawancin mutane suna yin akasin haka, su hau Valletta da safe saboda ita ce a gabansu, sannan su tafi Mdina da rana tsaka, su dawo cikin cunkoson motocin masu tashi daga aiki zuciya na dukan uku-uku. Idan kun juya tsarin, kun isa Mdina da sauran sanyin safiya, kuma awanninku na ƙarshe suna wurin da kuke hango jirginku da ido.

Idan kun fito za ku tarar da jerin tsofaffin rumbunan ajiya masu ƙofofi launi-launi, waɗanda Manuel Pinto, shugaban baraden Saint John (ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta taɓa mulkin tsibirin), ya gina a 1752, yanzu sun zama gidajen abinci da shaguna. A nan ake samun fararen tasi, kuma akwai rumfar da ake biyan ƙayyadadden kuɗi a karɓi rasit kafin a shiga mota, abin da ke raba mutum da jayayya. Manhajojin Bolt da eCabs da Uber suna aiki a tsibirin, sau da yawa kuma sun fi arha, amma ku biyar ne, don haka a zaɓi babbar mota. Tafiyar Mdina kimanin kilomita 12 ce, minti 20 zuwa 30 a tasi. Akwai bas mai lamba 51 da 52 da 53 da ke zuwa Rabat, garin da ke manne da Mdina, kuɗinsa kaɗan ne kuma tikiti ɗaya yana aiki na awa biyu, sai dai tashar bas ɗin tana can sama a ƙofar Valletta, kuma a watan Agusta bas kan cika ya wuce mutane a tsaye. Matashi mai jaka a baya zai ji daɗinsa, amma ban ga dalilin sa Hajiya tsayuwa a rana ba. Bas mai hawa biyu marar rufi da ake talla a bakin kwata shi ma ban ba ku shawararsa ba, domin zagaye ɗaya yana cin kusan awa uku, saman nan rana ce tsagwaronta, kuma wanda ya sauka bai da tabbacin samun kujera a na gaba. Hayar mota kuwa a manta da ita: a hannun hagu ake tuƙi, kamar Ingila, tituna ƙanana ne, wurin ajiye mota kuma yana wuya. Wannan tuƙin hagu ya shafi mai tafiya a ƙasa ma, don haka a riƙe hannun yara, a fara duba dama kafin a tsallaka titi.

Mdina ita ce tsohuwar hedikwatar tsibirin, ƙaramin birni mai ganuwa a kan tudu, wanda mazauna cikinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma ba a barin motoci su shiga sai na mazauna da 'yan kaɗan masu izini. Wannan ya sa ta dace da ku: lungunanta a shimfiɗe suke, dogayen bango suna ba da inuwa, kuma daga babbar ƙofa, wadda aka gina a 1724, zuwa ƙarshen gari tafiyar 'yan mintuna ce. A ƙarshen nan akwai dandali a kan ganuwa inda ake hango kusan rabin tsibirin, har da babbar ƙubbar cocin Mosta, wadda bam ya huda ya faɗo ciki ranar 9 ga Afrilu 1942 mutane suna ibada, bai fashe ba. Akwai wuraren shan shayi a kan ganuwar inda Hajiya za ta zauna ta huta ku kuma ku ƙarasa zagaye. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa.

Sunan garin kansa zai ja kunnenka, domin kalmar madina ce ta Larabci. Musulmi sun ci tsibirin a shekarar 870, suka riƙe shi har zuwan Normawa, mayaƙan Kirista da suka ƙetaro daga Sisili, a 1091, kuma Musulunci ya ci gaba da wanzuwa a can fiye da ƙarni guda bayan haka. A wajen ganuwa, a gidan tarihin da ake kira Domus Romana, akwai duwatsun kaburburan Musulmi da aka tono a wurin, domin an yi maƙabarta a kan kangon gidan Rumawa. Harshen Malta ya samo asali ne daga Larabcin da aka yi a Sisili, ana rubuta shi da haruffan boko, kuma ko da yake yawancin mutanen ƙasar mabiya ɗarikar Katolika ne, Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu na kafin Ista kuma Randan. Bahaushe zai sha mamakin abin da zai gane: ranakunsu su ne Tnejn, Tlieta, Erbgħa, Ħamis, Ġimgħa, Sibt da Ħadd, wato Litinin zuwa Lahadi ɗinmu, suna cewa ħamsin da sittin kamar yadda muke faɗa, kasuwa suq, tashar ruwa marsa. Na ɗan tsaya a nan ne saboda irin wannan ne yara ba sa mantawa, kuma a kan allunan titi da jadawalin bas za su gan shi da idonsu.

Misalin 11:30 sai ku kira mota, ku ce a sauke ku a ƙofar birnin Valletta, wajen maɓuɓɓugar Triton. Wannan ƙaramin bayani yana da muhimmanci ga mai ciwon gwiwa. An gina Valletta ne a kan doron tsauni tsakanin mashigan ruwa biyu, ƙofar birni tana sama, kuma manyan tituna biyu, Republic da Merchants, suna bin doron, ɓangarensu na sama kusan a miƙe yake. Titunan da suka gitta su ne suke gangarawa zuwa ruwa ta kowane gefe, wasunsu matakala ne zalla. Idan kun tsaya a kan doron ba za ku hau komai ba. Dutsen da aka shimfiɗa ya goge da yawan taku, yana da santsi, don haka kowa ya sa takalmi mai riƙe ƙasa.

Birnin ya samu ne sakamakon yaƙi. Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da Sisili, ya ba baraden Saint John tsibirin a 1530, rundunar Daular Usmaniyya ta zamanin Sultan Sulaiman ta yi musu ƙawanya daga Mayu zuwa Satumba na 1565 ba ta ci nasara ba, shekara ta gaba kuma shugabansu Jean de Valette ya aza harsashin birnin da ke ɗauke da sunansa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Idan wuri ɗaya za ku biya kuɗin shiga, wanda ya fi shahara shi ne babban cocin Saint John, da aka gina a shekarun 1570. Daga waje kamar sansanin soja yake, ciki kuwa bango ya sha sassaƙa da ruwan zinari, daɓen duka duwatsun marmara ne na kaburburan barade kusan 400, kuma a nan ne babban zanen da Caravaggio, shahararren mai zane ɗan Italiya, ya yi a 1608 yake, wanda shi kaɗai ne ya sa wa hannu cikin zane-zanensa. Ana buƙatar a rufe kafaɗa da gwiwa, ba a kuma shiga da takalmi mai tsinin dunduniya saboda daɓen. Idan iyalinka ba su sha'awar shiga wurin ibadar wani addini, 'yan taku kaɗan gaba akwai fadar shugaban baraden, wadda ke da ɗakin makamai cike da sulke da takubba da bindigogi, har da na Turkawa, kuma yara sun fi son wannan. Gidan tarihin yaƙi da ke sansanin Saint Elmo, inda aka ajiye lambar George Cross da Birtaniya ta ba al'ummar tsibirin a 1942, yana can ƙarshen gari a gangare, dawowa kuma hawa ne, don haka ko a bar shi ko wasu su je Hajiya ta jira.

Game da abinci, kifi shi ne mafi sauƙi, kuma ana samun gidajen abincin Turkawa da na Larabawa, waɗanda za a iya tambayarsu ko namansu na halal ne. Abincin da ƙasar ta yi suna da shi zomo ne, amma da giya ake dafa shi. Akwai wani ɗan gashin fulawa mai arha da ake kira pastizz, mai cuku ko wake a ciki, sai dai a tambayi irin man da aka murza shi da shi, domin wasu suna amfani da kitsen alade. Ku fito da ruwa isasshe da laima ko hula, saboda zafin Agusta yakan haura digiri 30, farin dutse kuma yana mayar da shi fuska. Batun salla, tsarin da na ba ku zai mayar da ku jirgi da sauran lokacin la'asar, don haka wanda ya ɗauki rangwamen matafiyi zai iya haɗa azahar da la'asar a ɗakinsa. Alƙibla daga Malta gabas ce da karkata zuwa kudu. Idan ranar ta zo Juma'a, babban masallacin ƙasar yana Paola, tafiyar kimanin kwata awa a tasi daga Valletta.

Ka kuma duba wace rana ce tsayuwar ta faɗa. Ranar Lahadi ba a buɗe cocin Saint John ga masu yawon buɗe ido, shaguna da dama ma a rufe suke, amma ranar ce ake cin kasuwar kifi a Marsaxlokk, ƙauyen masunta mai kwale-kwale masu launi da ido a goshi, kuma za ta iya maye gurbin Mdina da safe. Ranar 15 ga Agusta hutun ƙasa ce ta bikin Santa Marija, wurare da yawa ba sa aiki. Idan kuma ran nan Hajiya ta tashi gwiwa ba daɗi, ku soke Mdina gaba ɗaya ku hau ƙaramin jirgin fito da ke tashi kusa da kwata zuwa Birane Uku, wato Birgu da Senglea da Bormla, tafiyar da ba ta kai kwata awa ba. Birgu ce mazaunin baraden na farko, a nan aka yi zafin yaƙin 1565, kuma ganin ganuwar Valletta daga kan ruwa a zaune ya fi yawancin abin da ake biyan kuɗi mai yawa a gani.

Wurin da za ku ƙare yinin shi ne lambun Upper Barrakka, tafiyar 'yan mintuna daga ƙofar birni. Yana da kujeru da inuwa, daga barandarsa ana ganin mashigin ruwan gaba ɗaya da Birane Uku a tsallake, jirginku kuma yana ƙasa ta hannun dama. A ƙarƙashin barandar akwai jerin igwa, ana harba ɗaya da ƙarfe 12 na rana da kuma ƙarfe 4 na yamma a yawancin ranaku ban da Lahadi, kuma kallo daga sama kyauta ne. Ku isa da misalin 3:30 don ku sami wuri a gaba, a kuma gargaɗi yara da Hajiya tun da wuri cewa ƙarar tana da ƙarfi. A cikin lambun nan ne lif ɗin Barrakka yake, mai tsawon mita 58, wanda aka buɗe a 2012, yana sauke mutum zuwa bakin ruwa cikin ƙasa da minti ɗaya. Da igwar ƙarfe 4 ta tashi, ku nufi lif kai tsaye kafin layi ya yi tsawo, domin da yawa daga cikin mutanen jirgi ta nan suke sauka. Daga gindinsa zuwa ƙofar tashar tafiyar kimanin minti goma ce a shimfiɗaɗɗen titi, kuma kowa ya riƙe katinsa na jirgi a hannu tun daga can, domin za a nema a ƙofar tashar, a sake nema a bakin jirgi.